Idan Gaɓar Kilarinet Ta Katako Ta Cije: Yadda Ake Gano Dalili Kafin A Taɓa Samfefa

Daga cikin kayan busa da ake gani a faretin 'yan sanda da na sojoji, da kuma bandunan makarantu da na majami'u, akwai wata baƙar sarewa mai maɓallan ƙarfe masu sheƙi da ake kira kilarinet. Daga ƙasashen waje ake shigo da ita, kuma wadda aka ƙera da katako mai daraja kuɗinta yakan kai dubban daloli. Duk da wannan tsada, ƙaramin abu ne yakan durƙusar da ita. Gaɓar da ta saba shiga gurbinta salin-alin sai a wayi gari ta cije, ta ƙi shiga har ƙarshe, ko kuma ta shiga ta ƙi fita.

A irin wannan lokaci abubuwa biyu ne sukan fara faɗo wa mai ita a rai: ya sa ƙarfi, ko ya ɗauko samfefa ya goge. Kowanne daga cikinsu yana iya jawo asarar da ta ninka matsalar farko. Ƙarfi yana lanƙwasa maɓallai, yana kuma tsaga katako. Samfefa kuwa, abin da ta cinye ba ya dawowa. Shi ya sa tambayar farko da masu gyaran kayan busa suke yi ita ce: mene ne ainihin abin da ya cije? Cijewar iri biyu ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayar amfani.

Yadda aka gina ta

Asalin kilarinet daga Jamus ne. Ana danganta ƙirƙirarta ga wani maƙerin kayan busa na birnin Nuremberg, Johann Christoph Denner, wajen shekarar 1700. Tsarin maɓallan da aka fi amfani da shi a yau kuwa a birnin Faris aka fitar da shi tsakanin 1839 da 1843, bisa haɗin gwiwar mabushi Hyacinthe Klosé da maƙeri Louis-Auguste Buffet. Ta bambanta da algaita ta wajen beli: na algaita tagwaye ne, nata kuwa guda ɗaya ne da ake ɗaurewa a jikin bakin busawa.

Tsawonta idan an haɗa ta kimanin santimita 66 ne, amma ba a ajiye ta a haɗe. Tana rabuwa gida biyar: bakin busawa, da 'yar gajeriyar gaɓa mai kama da ganga, da gaɓar sama, da gaɓar ƙasa, sai gindi mai siffar mazurari. Ke nan akwai mahaɗa huɗu. A kowace mahaɗa, ɓangare ɗaya yana da siririn kai da ya fito, wanda za a iya kira namijin gaɓa, ɗaya ɓangaren kuma yana da gurbin da namijin yake shiga. An kewaye bakin gurbin da zoben ƙarfe domin kada katakon wurin, wanda ba shi da kauri, ya tsage.

A tsakiyar namijin gaɓa an yanke wani ɗan kwari an liƙa masa kok, wato ɓawon nan mai taushi da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda ake ɓarowa daga jikin wani itace da ya fi yawa a Fotugal da Sifen. Aikin kok biyu ne: ya hana iska zurarewa, ya kuma riƙe gaɓoɓin biyu ta hanyar matsewa da sake buɗewa kamar soso. A saman kok da ƙasansa akwai layuka biyu na zallar katako. Su ne suke hana gaɓar karkacewa, amma ba a yi su don su kama bangon gurbi ba. Maƙera sukan bar ɗan gibi tsakaninsu da gurbin, wanda bai wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Muddin gibin yana nan, kok ne kaɗai yake riƙo. Ranar da ya cike, katako ya haɗu da katako, ranar ce matsala mai haɗari take farawa.

Me ya sa katako yake motsi?

Duk wanda ya zauna a gida mai ƙofar katako ya san halinta: da damina ta cije sai an banke ta, da hunturu kuma ta saki har ana hango haske ta gefenta. Dalili shi ne katako, ko ya shekara nawa da yankewa, yana ci gaba da shan danshi daga iska da kuma sakinsa. Katakon da ya daɗe a iskar da danshinta yake kashi 20 cikin 100 yakan riƙe ruwan da bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa ba. Idan danshin iskar ya kai kashi 80, ruwan jikinsa yakan haura zuwa kusan kashi 16. Wannan kuwa ita ce kusan tazarar da ke tsakanin tsakar ranar watan Janairu da watan Agusta a Kano ko Zariya.

Katakon da ake yin kilarinet mai daraja da shi sunansa giranadila a wurin maƙera. Masana tsirrai suna kiran itacen Dalbergia melanoxylon, masu jin Suwahili kuma suna ce masa mpingo, kuma galibin wanda ake kaiwa masana'antu daga Tanzaniya da Mozambik yake fitowa. Baƙi ne, mai maiƙo, kuma saboda nauyinsa nitsewa yake yi a ruwa. An zaɓe shi ne domin motsinsa kaɗan ne kuma a hankali yake yi, amma bai kuɓuta daga halin katako ba. Kaurin namijin gaɓa ya ɗan haura milimita 20. Idan ya kumbura da rabin kashi ɗaya cikin 100 kacal, an samu ƙarin kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita, daidai da kaurin takardar rubutu. Wannan ya isa ya cike gibin da maƙeri ya bari.

Kumburin kuma ba ya zuwa daidai ta kowace fuska. Ta tsawo katako kusan ba ya motsi. Ta faɗi kuwa, ya fi motsawa ta kewayen zobban shekarunsa fiye da yadda yake yi daga zuciya zuwa ɓawo. Sakamakon haka, abin da aka yanka da'ira cif yakan ɗan koma siffar ƙwai, ko da ido ba ya gani. Wannan ne ya sa gaɓa takan cije a wurare biyu masu fuskantar juna, sauran kewayen kuwa lafiyarsa ƙalau.

Bayan danshin iska akwai na numfashin mabushi. Numfashi yana da ɗumi da laima, idan ya taɓa bangon ciki mai sanyi sai ya zama ruwa, ya gangara ya taru a ƙasan gurbi. A nan yake haɗuwa da goshin namijin gaɓa, inda aka yanke jijiyoyin katako suka buɗe baki, kuma ta nan katako ya fi saurin shan ruwa. Mahaɗar da ke tsakanin 'yar ganga da gaɓar sama tana kusa da ruwan, saboda haka tana yawan cijewa.

Damina da hunturu duk suna iya haifar da matsalar, kowanne ta hanyarsa. Da damina namijin yana kumbura, gurbin kuma da zoben ƙarfe ya hana shi buɗewa ta waje sai ya matso ta ciki. Da hunturu gurbin yana bushewa ya tsuke, alhali namijin yana jiƙe da ruwan busa na kullum. Sabuwar kilarinet a watanninta na farko, da wadda ta sauya yanayi, misali daga Turai zuwa Legas sannan zuwa Kaduna, su ne suka fi faɗawa cikin wannan hali.

Gano inda matsalar take

Matakin farko shi ne tsafta. A samu ƙyalle mai laushi a goge tsohon mai daga jikin kok, a kuma share cikin gurbin har ƙasansa. Sau da yawa man da ya daɗe yakan haɗu da ƙura ya daskare ya zama danƙo, musamman bayan ƙurar hunturu, kuma da an share shi matsalar ta kau.

Daga nan sai a duba da ido a wuri mai haske. Shin kok ya ɓalle daga gefe ya nannaɗe? Shin zoben ƙarfen bakin gurbi yana juyawa idan an taɓa shi? Shin akwai siririn layi na tsagewa a jikin gurbin? Idan zoben ya saki ko an ga alamar tsagewa, a dakata da haɗawa gaba ɗaya, domin gurbin da ba shi da zobe mai riƙe shi yana iya darewa da ƙaramar matsa.

Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, sai a shafa ɗan man kok a gwada haɗawa a hankali, a lura da yadda hannu yake ji. Cijewar kok tana da laushi: tana ƙaruwa sannu a hankali yayin da namijin yake shiga, kuma mai yana rage ta. Cijewar katako daban take. Gaɓar takan tsaya cak kamar ta ci karo da bango, ko tun a farkon shiga ko kuma saura kaɗan ta kai ƙarshe, wani lokaci da 'yar ƙara, kuma ko nawa aka shafa mata mai ba ta sauyawa. Idan aka zare aka duba layukan katakon nan biyu na sama da ƙasan kok, za a ga wasu wurare sun yi sheƙi kamar an goge su. Nan ne katako yake gogar ɗan'uwansa.

Wanda bai gamsu ba yana iya shafa fensir a kan layukan katakon, ya tura gaɓar iya inda take shiga ba tare da tilastawa ba, ya ɗan juya, ya zare. Inda fensirin ya goge, nan ne tudun yake. Wannan ɗan gwaji na minti biyu shi ne yake raba gyara da ɓarna, domin wanda ya goge kok alhali katako ne ya kumbura ya tara wa kansa matsala biyu: gaɓar tana nan a cije, ga kuma iska tana zurarewa.

Idan kok ne ya yi kauri

Wannan ce matsala mai sauƙi, kuma mai kayan yana iya magance ta da kansa. Sabon kok yakan zo da ɗan kauri da gangan, domin yana lafawa da amfani. A makonnin farko ana shafa masa mai duk lokacin da za a haɗa. Ba a lafta shi: kaɗan ake ɗiba a yatsa a murza shi cikin kok har ya shige, a goge wanda ya yi saura. Man kok na ainihi yana zuwa a ɗan bututu ko gwangwani, kuma irin na dā ana haɗa shi ne da kitse da kakin zuma. Masu gyara suna gargaɗi kan basilin da man inji, saboda suna ratsa kok su kai ga gam ɗin da ke riƙe da shi, har ya ɓalle. Man gyaɗa da manja kuma suna lalacewa su yi danƙo.

Idan an yi mako biyu ana shafa mai amma har yanzu sai an yi kokawa, to lokacin rage kaurin kok ya yi. A fara da goge man da ke jikinsa sarai, domin mai yana toshe idon samfefa. A naɗe layukan katakon biyu da salatif na takarda don kare su. A yanko siririyar samfefa mai lamba tsakanin 220 da 320, wadda faɗinta bai wuce na kok ba. A ɗora ta a kan kok a riƙa jan bakinta biyu gaba da baya, kamar yadda mai shushaina yake jan ƙyalle a kan takalmi. Bayan ja huɗu ko biyar a juya gaɓar rubu'in zagaye a maimaita da adadin ja iri ɗaya, har a kewaye. Ƙirga jan yana da muhimmanci, domin shi ne yake hana gefe ɗaya ya fi wani cinyewa.

Bayan kowane zagaye a kakkaɓe garin, a shafa mai, a gwada. A tsaya tun gaɓar tana da sauran ɗan matsi, saboda kok zai ƙara lafawa da kansa. Alamar an dace ita ce gaɓar ta shiga da 'yar murzawa ba tare da an yunƙura ba, kuma idan an ɗaga kilarinet ta sama ƙasanta bai zame ba, bai kuma yi girgiɗi ba.

Idan an zarce har ta yi sako-sako, asarar ba ta da yawa, tun da kok abin sauyawa ne. Kafin a kai ga mai gyara ana iya naɗa zaren ɗinki ko farin salatif na masu aikin famfo a kan kok na ɗan lokaci. Kafin kok ya yaɗu, da zare mai kaki ake naɗe gaɓoɓin kayan busa na katako. Mai gyara zai kankare tsohon, ya yanko sabo mai kaurin milimita 1.6 ko ƙasa da haka gwargwadon zurfin kwarin, ya feƙe bakinsa ɗaya domin ɗayan ya hau kai ba tare da tudu ba, ya liƙa, sannan ya goge shi zuwa daidai.

Idan katako ne ya kumbura

A nan ne ake bukatar haƙuri, domin sauri ya haifi nawa. Maganin farko shi ne lokaci. A raba gaɓoɓin, a tsane ruwan da ke ciki da na gurabe, a bar su a cikin akwatinsu a buɗe a ɗaki mai inuwa na kwana biyu ko uku ba tare da an busa ba. Idan ruwan busa ne ya jawo kumburin, sau da yawa yakan sauka da kansa. Idan kilarinet sabuwa ce kuma tana da garanti, a mayar da ita ga wanda ya sayar kafin a taɓa ta da komai, domin goge katako a gida yana iya soke garantin.

Idan bayan hutun tana nan a cije, ko tana sake cijewa duk lokacin da aka yi rabin awa ana busa, to dole a rage katakon, kuma wannan aikin mai gyaran kayan busa ne. Kafinta, duk ƙwarewarsa, ma'auninsa na milimita ne, wannan aiki kuwa na kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. Mai gyara yakan auna kaurin namijin da faɗin gurbin ta fuskoki da dama, ya gano inda da'irar ta karkace, sannan ya kankare wuraren da suka yi sheƙi kaɗai, da siririyar wuƙar kankara ko samfefa mai laushi ƙwarai, ko ya ɗora gaɓar a injin juya katako. Bayan haka yakan shafe goshin namijin da kaki ko mai domin rage shan ruwa. Wasu kamfanoni sukan sa wa kan namijin hular ƙarfe tun daga masana'anta saboda wannan dalili.

Inda babu mai gyara kusa kuma tilas ta kama, dokokin uku ne. Na farko, wuraren da fensir ya nuna kaɗai ake taɓawa, da samfefa mai lamba 400 zuwa 600, ja biyu ko uku sannan a gwada. Na biyu, ba a taɓa goshin namijin, domin rage shi yana buɗe gibi a cikin mahaɗa, abin da ke shafar daidaiton sauti. Na uku, ba a kusantar ramin ciki, wanda faɗinsa yake kusan milimita 15, domin siffarsa ce take ba kilarinet muryarta.

Babban dalilin taka-tsantsan shi ne yanayi yana juyawa. Gaɓar da aka goge a Agusta har ta yi daidai, a Janairu za ta ƙanƙance ta yi sako-sako. Wannan ya fi muni a mahaɗar tsakiya, inda wani maɓalli da ake kira gada yake tsallakawa daga gaɓar sama zuwa ta ƙasa. Idan mahaɗar tana girgiɗi, gadar ba za ta tsaya a saiti ba, wasu ramuka ba za su rufu ba, wasu sautuka su ƙi fita. Gyaran wannan yana bukatar a yi wa namijin ƙari ko a sa wa gurbin sabon bango, aikin da ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Idan ta riga ta maƙale

Wani lokaci sai an gama busa ake tarar da gaɓoɓi biyu sun ƙi rabuwa. Abin da ya kamata shi ne a zura ƙyallen tsanewa ya kwashe ruwan ciki, a kwantar da ita a wuri mai inuwa da bushewa, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Da damina, ɗaki mai na'urar sanyaya iska yana taimakawa saboda na'urar tana rage danshi, amma kada a ajiye ta a saitin iskar.

Idan za a gwada rabawa, a kama ɓangarorin biyu kusa da mahaɗar, a wuraren da babu dogayen sandunan maɓallai. Safar hannu ta roba tana ƙara riƙo ba tare da an matsa ba. Maimakon murɗawa da ƙarfi, a riƙa ɗan rausayar da mahaɗar kaɗan-kaɗan, gaba da baya, a juya a sake ta wani gefen, har a ga siririn gibi ya fara buɗewa. Daga nan murzawa kaɗan takan ƙarasa aikin. Idan an yi haka sau biyu ko uku ba ta motsa ba, a bari. Mai gyara yakan kwance maɓallan da ke wurin tukuna domin ya samu wurin kamawa.

Filaya, da cusa wuƙa a tsakani, da ruwan zafi, da shanyawa a rana, da kusantar da ita ga murhu, da zuba kananzir, duk hanyoyi ne na mayar da gaɓa mai cijewa ta zama gaɓa mai tsagewa. Ana ɗinke tsagewa da gam, ko da ƙananan ƙusoshi, ko da ɗaurin zaren kabon, amma darajar kayan a kasuwa ta riga ta faɗi. Namijin da ya karye kuwa sai an yi masa dashe a inji.

Kiyayewa ta yau da kullum

Galibin cijewa daga ruwan da aka bari ya kwana take farawa. Bayan kowace busa a zura ƙyallen tsanewa ta ciki, a raba gaɓoɓin duka, a goge cikin kowane gurbi da goshin kowane namiji, sannan a mayar akwati. Barin kilarinet a haɗe a kan teburi daga atisayen yau zuwa na gobe yana danne kok, yana kuma ba ruwa damar shiga katako. Kada a ajiye jiƙaƙƙen ƙyallen a kan gaɓoɓin cikin akwati.

Wajen haɗa gaɓar sama da ta ƙasa, hannun hagu yana danne zobban maɓallan gaɓar sama domin gadar ta ɗaga, hannun dama kuma yana kama ta ƙasa inda babu sanduna, a tura da 'yar gajeriyar murzawa. Sabuwar kilarinet ta katako, maƙera suna ba da shawarar kada a busa ta fiye da minti 30 a rana a watan farko, domin katakon ya saba da danshi sannu a hankali. Da sanyin safiyar hunturu a ɗumama gaɓar sama a tafin hannu ko a hammata kafin a busa. Numfashi mai ɗumi a cikin katako mai sanyi da bushewa yana kumbura ciki alhali waje yana tsuke, kuma ta haka gaɓar sama take tsagewa.

Danshin da ya fi dacewa da ita yana tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100. Ƙaramin ma'aunin danshi a cikin akwati yana nuna halin da ake ciki. Da hunturu ana sa ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin kwano mai huda a kusurwar akwatin, ba tare da ya taɓa katako ko maɓallai ba. But ɗin mota da tsakar rana kuwa ba wurin ajiyarta ba ne a kowane lokaci na shekara.

Ga mai saye da mai ajiya

Jami'in da ke kula da ma'ajiyar bandu yana da rawar da zai taka. Gaɓar sama da ta ƙasa na kilarinet galibi suna ɗauke da lambar masana'anta iri ɗaya, kuma an daidaita su ne da juna. A ma'ajiyar da ake tara kayan mutum goma wuri guda, gaɓoɓi sukan cakuɗe, sai a ga mahaɗa ta cije ba don kumburi ba, sai don namijin wata ne aka kai gurbin wata. Duba lambobin nan kafin a nemi mai gyara, da rubuta su a rajistar kaya, yana hana a goge katakon da lafiyarsa lau.

Wajen sayo sababbi, ya kamata a dubi inda za a yi amfani da su. Don fareti a fili, cikin rana da ƙura da yayyafi, kilarinet ta roba mai tauri ta fi dacewa, domin ba ta shan ruwa kuma ta fi araha. Akwai kuma ta tsakiya: tun 1994 kamfanin Buffet Crampon na Faransa yake yin samfurin Green Line, wanda kashi 95 cikin 100 nasa garin giranadila ne da aka haɗa da danƙo da zaren kabon, kuma sauyin danshi ba ya tsaga shi yadda yake tsaga zallar katako. Ta katako an fi barin ta ga zauren kiɗa da ɗakin koyo.

Ɗan kasuwa mai shigo da kayan hannu kuwa ya haɗa kowace mahaɗa da hannunsa kafin ya biya. Ya duba ko zobba suna juyawa, ko akwai farin tabon samfefa a layukan katako, ko mahaɗar tsakiya tana girgiɗi. Wadda ta ɗan cije tana gyaruwa da kuɗi kaɗan. Wadda wani ya riga ya goge ta ta yi sako-sako ita ce mai cin riba.

Katakon kansa ma ba mai sauƙin samu ba ne. Itacen yakan shekara 70 zuwa 100 kafin ya isa yanka, kuma tun 2017 yarjejeniyar CITES ta sa cinikin katakonsa tsakanin ƙasashe ƙarƙashin izini, ko da yake a 2019 an cire kayan kiɗa da aka gama ƙerawa daga wannan sharaɗi. Sabuwar gaɓa sai an yi odarta daga waje, a biya da kuɗin waje, a jira makonni, sannan a nemo wanda zai daidaita ta da sauran. Ƙyalle da fensir da haƙurin kwana uku sun fi wannan sauƙi.